Shef Sabitu da Makullin Shagon Gwallameji

Duk unguwar Gwallaga babu wanda bai san Sabitu ya yi zama a Abuja ba, don shi da kansa ya bi majalisa-majalisa ya sanar. Sati bakwai ya yi. A cikin sati bakwai ɗin nan, in daga bakinsa ka ji, ya ƙware a girkin mutanen Japan, ya haɗa da na Faransa, har babban kukun wurin ya riƙe masa riga yana roƙon kada ya tafi. Abin da ba ya faɗa shi ne ta ƙofar baya yake shiga gidan abincin, da tukunyar gas a kafaɗa, ya sauke cikakkiya ya ɗauki wadda ta ƙare.

Amma Allah ya yi shi da ido. Duk shigar da zai yi sai ya leƙa ta tagar kicin. Yakan hango kuku tsaye a bayan wani dogon teburi, manyan mutane zaune a gabansa, yana dunƙula shinkafa loma ɗaya ya ɗora yankan kifi, ya miƙa, ya tsaya yana kallon mutum har ya haɗiye. Su kuwa sai gyaɗa kai suke kamar an yi musu bushara. Wannan tsayuwar ce ta shiga ran Sabitu. Ya dawo Bauchi da ita, ya ƙara da abin da ya gani a waya, ya ce daga yau a kira shi Shef.

Ba wanda ya kira. Aiki kuma bai samu ba. Masar da matarsa Ruƙayyatu ke toyawa a cikin gida ita ke riƙe da gidan, kowa ya sani, har shi, kuma abin yana ci masa rai ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Ana nan sai saƙo ya zo daga mahaifinta, Baffa Hammajoda. Dattijon ya sayar da bijimai ya gina shago a bakin titin Gwallameji, inda ma'aikata ke wucewa safe da yamma. Ya ce ya ji labarin sana'ar da mijin 'yarsa ya koyo, zai zo ranar Asabar ya gani. In abin ya kwanta masa, makulli na Sabitu ne. In bai kwanta ba, akwai mai sayar da magani da ke ta yi masa sintiri.

Sabitu ya miƙe tsaye a tsakar gida ya buga ƙirji.

"Ruƙayya, an zo wurin. Zan yi wa Baffa abin da ake kira omakase. Shi ba ya zaɓa, ni ke zaɓa. Ina tsaye a gabansa, ina ba shi loma-loma, ina kallon fuskarsa."

Ruƙayyatu ta ajiye ludayin ƙullu ta dube shi.

"Malam, kana tsaye a gaban wa?"

"Ba Malam ba, Shef."

"Malam, shekararmu shida da aure. Ka taɓa ganin Baffa ya sha ko ruwa a gabanka? Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya kamawa. Bafillace ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko yunwa za ta kayar da shi. A shimfiɗa musu tabarma a zaure, a kai kwano, a saki labule, kowa ya kama gabansa. Shi ke nan."

"Labule!" Sabitu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ke a Japan in aka saki labule ai an rufe gidan abincin ke nan. Baffa bai taɓa ci a gabana ba don bai taɓa ganin abin da ya isa a ci ba. Bari ƙamshi ya buge shi."

"To," in ji ta. Ta koma kan tandarta.

Duk macen da ta ce maka "to" da irin wannan murya, ka tsaya ka sake tunani. Sabitu bai tsaya ba.

Matsalar farko, babu ko ɗaya daga cikin kayan da ya gani a waya a kasuwar Wunti. Wannan bai dame shi ba, ya ce ai gwani da abin da ya samu yake aiki. Ganyen teku da ake naɗe shinkafa, ya maye shi da alayyahu. Ruwan tsamin da ake zuba mata, ya jiƙa tsamiya. Miyar waken Japan, ya ce ai daddawa ce aka canza wa suna. Koren yajinsu mai hawa hanci kuwa, ya je bayan gida ya tone saiwar zogale, ya kirɓa da ɗanyar citta, ya barbaɗa kuka don launi. Ɓangaren Faransa ya sayo bota da madarar gwangwani. Sandunan cin abinci, ya roƙo tsinken tsire a bakin masallaci ya kankare.

Ranar Juma'a da la'asar ya kira maƙwabta biyu gwaji: Mahfuz mai walda, abokin zamansa, da Inna Kubura ta gidan da ke jikin nasu, wadda katanga ba ta taɓa hana ta sanin abin da ake dafawa ba.

Inna Kubura ta leƙa farantin, ta leƙa ƙarƙashinsa.

"Ina abincin?"

"Ga shi nan a tsakiya, Inna."

"Wannan? Na ɗauka wani ne ya ci ya rage. Kai Sabitu, faranti kamar filin idi, abinci kamar maɓallin riga?"

"Haka Turawa ke yi. Ido ne ke fara ci."

"To idona ya ƙoshi, a kawo na ciki."

Mahfuz ya ɗaga yankan kifin da tsinke, ya shinshina.

"Shef, ka manta ba ka ɗora shi a wuta ba."

"Ɗanye ake ci."

"Su waye?"

"Masu ilimi."

"Allah ya bar mu da jahilcinmu," in ji Mahfuz, ya mayar da kifin a hankali kamar mai gudun ya farka.

Sabitu ya ce duk hassada ce. Ya kuma sa Mahfuz ya yi alkawarin kawo bututun wutar waldarsa gobe, don a Abuja ya ga ana lasar nama da harshen wuta a gaban baƙo.

Asabar da hantsi sai ga ƙofar gidan ta canza. Sabitu ya ƙi zaure, ya ce abin alheri ba a ɓoye shi. Ya kafa rumfar leda a waje, ya jera teburin guga biyu ya rufe da farin zanen gado, ya sa benci a gaba. A gefe ya ajiye baho cike da ruwa, da ƙatuwar tarwaɗa mai rai a ciki, don baƙi su shaida kifin sabo ne. Shi kansa ya sa farar rigar 'yan kareti da ya aro, ya ɗaure goshi da yankin rawani. Kafin azahar masu keke sun fara rage gudu, mata sun cika soraye da tagogi, masu shaguna sun ja kujerunsu kusa.

Bayan sallar azahar baƙi suka sauka daga keke: Baffa Hammajoda, dogo siriri da sandarsa, da ƙaninsa Kawu Bakari, gajere mai fara'a. Tun asuba suka baro ruga, kuma an ce Kawu Bakari ko fura bai sha ba, don ya ji ana cewa za a ci abincin ƙasar waje.

Duk wanda ke wurin ya zaci Sabitu zai durƙusa ya gaida surukai kamar yadda kowane ɗa ke yi. Sai ya haɗe ƙafafu, ya manna hannuwa a cinya, ya lanƙwasa daga ƙugu, ya tsaya a haka.

Baffa ya dubi ƙaninsa. Kawu Bakari ya dubi rana, ya dubi inda Sabitu ya fuskanta.

"Malam Sabitu, in ruku'u ne, alƙibla tana bayanka."

Aka kwashe da dariya daga soraye. Sabitu ya ɗago ya ce gaisuwar girmamawa ce. Ya zaunar da su a benci, ya miƙa wa kowa ɗan tawul mai zafi. Baffa ya riƙe nasa da yatsa biyu. Kawu Bakari ya yi godiya, ya ninke ya sa a aljihu.

Sai aka shiga zagaye na farko. Sabitu ya dunƙula shinkafa, ya naɗe da alayyahu, ya ɗora yankan kifi, ya ɗiga bota a gefe, ya ajiye a gaban Baffa. Ya ja da baya taki ɗaya, ya harɗe hannu a ƙirji, ya zuba masa ido.

Baffa Hammajoda ya dubi rufin rumfa. Ya dubi yatsun ƙafarsa. Ya dubi wata akuya da ke wucewa, ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Bismilla, Baffa."

Baffa bai amsa masa ba, ƙaninsa ya juya wa.

"Bakari, ka ce masa mun gode. A ƙoshe muke."

A daidai lokacin cikin Kawu Bakari ya yi wata ƙara mai tsawo, har mai shagon da ke tsallake ya ɗago kai.

"A ƙoshe muke," in ji Kawu Bakari da muryar tausayi.

Mai hankali a nan zai tuna da maganar matarsa. Sabitu kuwa sai ya raɗa wa Mahfuz cewa tsofaffi ne, sai an fara buɗe musu ciki da ruwa-ruwa. Ya kawo zagaye na biyu, romon daddawa da madarar gwangwani a kofin shayi, da ganyen albasa guda ɗaya yana iyo a sama. Ya ajiye, ya matso kusa fiye da ɗazu, ya sake harɗe hannu.

Baffa ya fara jan carbi. Hannun Kawu Bakari ya taso daga cinya a hankali, ya nufi kofin. Baffa ya yi gyaran murya. Hannun ya wuce kofin ya je ya kori ƙuda.

Inna Kubura ta kasa haƙuri, ta leƙo ta kan katanga.

"Kai Sabitu, ka matsa daga kan bayin Allah mana! Ko kaza ba ta cin tsaba ana tsaye a kanta."

"Inna, wannan tsari ne."

"Tsarin yunwa? Ai mun san shi tun kafin a haife ka."

Zufa ta fara jiƙa rawanin goshin. Sabitu ya hango kan makulli yana leƙowa daga aljihun gaban rigar Baffa, ɗaure da jan zare. Tsoro ne ya kama shi na gaske, tsoron komawa bencin Mahfuz ya zauna yana ba da labarin Abuja har tsufa. Tsoron nan kuwa maimakon ya sa shi ja da baya, sai ya ƙara tunzura shi.

"Na gane!" in ji shi da ƙarfi. "Ba su san yadda ake ci ba ne. Baffa, ka duba ka gani."

Ya ɗauki tsinken tsire biyu. A gaban surukinsa, a gaban unguwa, ya kamo lomar. Ta kuɓuce. Ya sake kamowa, ta rabe biyu. A na uku ya soke ta kawai kamar tsire, ya dangwalo koren yajin nan cike da baki, ya tura.

Baffa ya kawar da kai gefe don kunya. Wata tsohuwa a soro ta yi salati.

Da farko Sabitu ya yi murmushi ya ɗaga babban yatsa. Sai saiwar zogale ta isa inda za ta. Idanunsa suka kawo ruwa, hancinsa ya buɗe, kunnuwansa suka yi ja. Ya so ya ce "daɗi", abin da ya fito atishawa ce, ta tashi ganyen albasar daga kofin Baffa. Ta biyu ta sa ya ja da baya ya taka gefen baho. Tarwaɗar da tun safe take neman hanya ta samu, ta yi tsalle ɗaya ta faɗa cinyar Kawu Bakari.

"Wayyo! Abincin ya taso!" in ji Kawu Bakari, ya haye benci da takalmi.

Kifin ya bi ƙarƙashin teburi, masu keke biyu suka bi shi, kyanwar Inna Kubura ta bi su. Baffa kaɗai bai motsa ba, ƙafafunsa kawai ya ɗage ruwa ya wuce.

"A kwantar da hankali!" Sabitu na faɗa yana sharar hawaye. "Saura babban zagaye! Mahfuz, wuta!"

"Shef, anya?"

"Wuta na ce!"

Ya fito da yankan naman sa mai faɗin tafin jariri, ya ɗora masa bota, ya karɓi bututun. Abin da ya gani a Abuja ɗan ƙaramin abu ne kamar fitilar hannu. Abin da Mahfuz ya kawo, da shi ake yanka ƙofar ƙarfe. Harshen wutar ya taɓa naman sau ɗaya, naman ya zama gawayi, farantin ya tsage, zanen gado ya kama. Sabitu ya ɗaga bututun sama don ya ceci zanen, sai rumfar leda ta buɗe baki ta fara ɗiga. Wutsiyar rawanin goshinsa ma ta ɗauka.

Mahfuz ya rufe gas. Maƙwabta suka yi ta watsa ruwa da ƙasa. Shef kuwa ya zura cikin gida da gudu, hayaƙi na bin keyarsa, ya tsoma kai cikin duron ruwa har kafaɗa.

Da ya ɗago, sai ya ga Ruƙayyatu zaune gaban tanda, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta riga ta kwaso ragowar shinkafarsa mai tsamiya ta zuba a ƙullu. Yankakken kifinsa ta soya shi da man shanu da albasa, tana sa ɗan kaɗan a tsakiyar kowace masa kafin ta juya. A gefe miyar taushe na tafasa.

"Ruƙayya, kin ɓata min kaya."

"To," in ji ta.

Inna Kubura ta shigo ta ɗauki kwanuka. Sabitu na jin ta a waje tana cewa, "Malam Hammajoda, ku shigo zaure ku huta, rana ta yi." Ya ji an shimfiɗa tabarma, ya ji an ajiye kwano, ya ji ta saki labule ta kori jama'a. Ya yunƙura zai je ya yi bayani. Inna Kubura ta tare ƙofar da jikinta.

"In ka taka zauren nan, da muciya zan raka ka Japan."

Ya zauna a kan turmi, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Can sai aka fara jin ƙarar kwano daga zaure, da wata 'yar murya ta Kawu Bakari da ba magana ba ce, irin wadda mutum ke yi in ya sadu da abin da ya daɗe yana nema.

Da kwanukan suka fito, masa ɗaya tak aka bari a ciki, don kada a ce baƙi sun sha yunwa. Miyar kuwa ko wanki kwanon ba ya bukata.

Sai la'asar suka fito. Unguwa ba ta watse ba, kowa ya ƙirƙiri abin yi a kusa. Sabitu ya zo, wannan karon ya durƙusa har ƙasa kamar ɗan mutane, da ƙonannen gashi a keya. Baffa ya zaro makullin mai jan zare. Hannun Sabitu ya fara buɗewa da kansa.

"Bakari," in ji Baffa, yana kallon bango, "ka tambaye shi, wannan masa mai kifi a ciki, ita ce ta Japan ɗin?"

Sabitu ya dubi jama'a, ya dubi Inna Kubura da ta riƙe ƙugu.

"E to, Baffa, asalin tunanin, wato shinkafar da kifin..."

"Wa ya toya?" in ji Inna Kubura.

Ya sunkuyar da kai. "Ita ce."

Baffa ya gyaɗa kai, kamar dama amsar da yake jira ke nan. Ya miƙa makullin ta saman kan Sabitu, ya sa a hannun Inna Kubura.

"A kai wa ta cikin gidan."

Bai kama sunanta ba, amma daga bayan ƙyaure an ji wata ta ja hanci. Ya taka zuwa keke, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Bakari, ka ce masa yaro ne mai ƙoƙari, kuma ya faɗi gaskiya a gaban mutane, na ji daɗin wannan. A sama masa abin yi a shagon. Amma kada ya tsaya a kan kowa."

Kawu Bakari ya maimaita saƙon kalma-kalma, ko da yake duk Gwallaga ta ji. Ya zaro tawul ɗin daga aljihu ya goge baki, ya mayar.

Abin ya yi wa Sabitu ciwo, ba ƙarya. Kwana uku bai fita majalisa ba. A na huɗu ya fito da sabon bayani: shi ya tsara komai tun farko, wutar ma cikin tsarin take, haka manyan kuku ke gwada ɗalibansu.

Yanzu in ka bi titin Gwallameji da safe za ka ga layin ma'aikata a ƙofar wani shago, ana jiran masa mai kifi. A ciki akwai ɗan lungu da labule, don dattawan da ba sa ci a gaban mutane. Allon da ke sama Sabitu ne ya sa aka rubuta: Masar Japan da Faransa. Ruƙayyatu ta ce "to", ta bar shi.

Shi kuwa Shef ba a ganinsa a gaba. In ka tambaye shi zai ce maka a Japan kukun da ya kai kuku ba ya nuna fuska. Amma in ka zagaya ta baya wajen ƙarfe bakwai, za ka gan shi yana shiga da tukunyar gas a kafaɗa, ya sauke cikakkiya ya ɗauki wadda ta ƙare. Kuma a faɗi gaskiya, duk Bauchi babu wanda ya kai shi iya ɗaukarta. Ai a Abuja ya koya.